Kafin ka jefar da tsohuwar tocilarka

Duk wanda ya haura shekara talatin a duniya ya san tocilar ƙarfe mai cin manyan batura biyu ko uku, irin wadda mai gadi yake ratayawa a kafaɗa, uwa take ajiyewa a gefen gado. Haskenta ja-ja ne, kuma da zarar batir ya fara sanyi sai a ciro shi a shanya a rana ko a bubbuga shi da dutse don ya ƙara kwana biyu. Yanzu kasuwa ta cika da tocilar roba mai caji, haskenta fari fat, farashinta da sauƙi, amma da wuya ta shekara a hannu. Tsakanin waɗannan biyun akwai hanya ta uku da mutane kaɗan ke bi: a bar gangar jikin tocilar yadda take, a canza mata ƙwai zuwa LED, a canza mata batir zuwa mai caji. Ni dai ina ganin wannan hanya tana biyan kuɗin sabulu, da sharaɗin mutum ya san abin da zai fara canzawa, ya kuma san batirin da ya dace da ƙwan da ya saya. A nan ne mafi yawan masu gwadawa suke yin asara.

Tocila a wurinmu kayan aiki ce. A shekarar 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki ko kaɗan, waɗanda ke da ita kuma sun san halinta. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Mutanen Nijar su ma sun ɗanɗana a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take tura musu. Ga manomi da makiyayi kuwa lamarin ya wuce na jin daɗi. Kububuwa da dare take yawo, launinta ya saje da ƙasa, kuma asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe ya isa shaida kan ɓarnar da take yi. Cikin shawarwarin da masana lafiya ke bayarwa na kare kai daga saran maciji har da riƙe fitila in za a fita da dare. Saboda haka tocilar da za ta mutu a tsakiyar hanya ba ƙaramar matsala ba ce.

Bari mu fara da tsohon ƙwai. Tocila mai siffar bututu ta samo asali ne a Amurka, inda wani Bature ɗan Ingila mai suna David Misell ya yi mata rajista a 1899, kamfanin Conrad Hubert wanda daga baya ya zama Eveready ya riƙa sayar da ita. Kusan shekara ɗari tsarin bai canza ba: batura a jere, makunni, da ƙwan gilashi mai ɗan siririn zaren ƙarfe a ciki. Wuta tana bi ta zaren, ya yi zafi har ya yi jawur ya ba da haske. Matsalar ita ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin batirin a zafi yake tafiya. Ƙwan da aka fi sa wa tocila mai batir biyu, wanda ake kira PR2, yana jan wuta sama da wat ɗaya kaɗan, abin da yake bayarwa kuwa bai wuce lumen 10 ba, lumen shi ne ma'aunin yawan haske. Ga kuma wani aibi na biyu: da ƙarfin batir ya ɗan sauka, hasken zaren sai ya faɗi warwas. Shi ya sa muka yi shekaru muna zubar da baturan da ba su gama ƙarewa ba, ƙwan ne kawai ya kasa cin gajiyar abin da ya rage a cikinsu.

LED ba ya aiki da zare. Ɗan ƙwayar sinadari ne da ke fitar da haske kai tsaye idan wuta ta ratsa shi. Nick Holonyak ya ƙera mai jan haske a kamfanin General Electric tun 1962, sai dai an yi shekara talatin ana neman mai shuɗin haske mai ƙarfi ba a dace ba, kuma in babu shuɗi babu fari. Japanawa uku ne suka warware matsalar: Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia. Nichia ya fito da shuɗin LED mai ƙarfi a 1993, farin ya biyo baya a 1996, su ukun kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2014. Kwamitin kyautar ya ambaci mutanen duniya sama da biliyan ɗaya da rabi da ba su da lantarki a cikin waɗanda za su amfana, wato irinmu. Ka ɗauki tocilar zamani ka leƙa cikinta tana kashe, za ka ga ɗan ɗigo ruwan ƙwai a tsakiya. Shafe ne aka yi a kan shuɗin LED, yana mayar da wani ɓangare na shuɗin zuwa rawaya, haɗuwarsu ce ido yake gani fari. Wat ɗaya na LED mai kyau yana ba da lumen 100 ko fiye. Ninki goma ke nan na tsohon ƙwai a kan wuta iri ɗaya. Kuma ba ya tsinkewa don tocila ta faɗi ƙasa, tunda babu zaren da zai tsinke.

Wannan lissafin shi ne dalilin da ya sa nake cewa a fara da ƙwai. Wanda ya sayi batir mai caji ya bar tsohon ƙwai ya rage kashe kuɗi, amma yana nan da haskensa na da. Wanda ya canza ƙwai kawai, ko da ya ci gaba da sayen batirin kanti, ya samu haske ya kuma samu tsawon kwana.

Amma kafin a sayi komai, a wanke tocilar tukuna. Da yawa daga tocilolin da ake cewa sun mutu datti ne ya kashe su. A kwance murfin gindi a dubi sifirin. In akwai tsatsa a goge da samfefa har ƙarfen ya fito fes. In an ga farin gari ya daskare, wanda batirin alkalin yake zubarwa idan ya daɗe a ciki, a ɗiga ruwan lemon tsami a tsumma a goge, a bari ya bushe sarai, a wanke hannu. A duba ɗan harshen ƙarfen da makunni yake turawa, sau da yawa lanƙwashewa kawai ya yi. Tocilar da sai an girgiza ta take kamawa, nan ciwonta yake, kuma ko wane irin ƙwai aka sa mata ba za ta daina ba.

Sai zaɓen ƙwai. Gindin ƙwan tocila iri biyu ne aka fi samu: mai baki kamar faifai wanda ake zurawa a danne da zobe, lambarsa P13.5s, da mai zare wanda ake murɗawa, lambarsa E10. Ana ƙera ƙwan LED da irin waɗannan gindi daidai, don a cire tsoho a sa sabo ba tare da yanka waya ba. Mafi sauƙi shi ne mutum ya tafi kasuwa da tsohon ƙwan a aljihu. Abin da ido ba ya gani shi ne abin da ke cikin gindin. Farin LED yana buƙatar wajen bolt 3 kafin ya kama sosai, bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta. Batura biyu sababbi bolt 3 suke bayarwa cif, bayan ɗan amfani su sauka ƙasa da haka. Don haka ƙwan kirki yana ɗauke da ɗan mitsitsin fanel a gindinsa wanda ke ɗaga ƙarfin wutar ya daidaita ta, har batir ya kusa ƙarewa haske yana nan. Na araha ba su da shi, za su yi haske daren farko sannan su dushe. A karanta abin da aka rubuta a jikin ƙwan ko kwalinsa. In an ce bolt 3, na batir biyu ne. In an ce 4.5, na uku ne. Akwai waɗanda aka rubuta musu tazara mai faɗi, daga ƙasa da bolt 3 har zuwa 9, su ne suka fi kwanciyar hankali domin suna karɓar batir iri-iri. Wanda ya sa ƙwan bolt 3 a tocila mai batir huɗu, walƙiya ɗaya zai gani shi ke nan.

LED kuma yana da gaba da baya. Tsohon ƙwai ko ta ina wuta ta shigo masa kamawa yake, shi kuwa wannan sai ta hanyar da aka tsara masa. Yawancin tociloli kan batir ne ke taɓa tsinin ƙwan, kuma a kan haka ake ƙera yawancin ƙwayayen LED, amma akwai tocilolin da aka juya musu tsarin. In sabon ƙwai ya ƙi kamawa, kada a yi saurin cewa jabu ne, a kashe tocilar a kai wa mai gyara ya auna ta da mita.

Akwai abu biyu da ya kamata mai saye ya sani don kada ya yi cizon yatsa. Kwanon nan mai sheƙi da ke kewaye da ƙwai an ƙera shi ne don zaren da ke watsa haske ta ko'ina daga wuri guda. LED gaba kawai yake harba haskensa, kuma ba lallai ya zauna daidai inda zaren yake ba. Sai ka haska bango ka ga zobe da baƙin rami a tsakiya. A tocila irin Maglite, wadda Anthony Maglica ya fara ƙerawa a Kalifoniya a 1979, murɗa kai kawai za a yi a daidaita. A sauran, ɗan zoben kwali da aka sa a ƙarƙashin ƙwan ko kwanon yakan gyara, ko a manna farar leda mai dishi-dishi a cikin gilashin, hasken ya bazu ya yi laushi. Na biyu shi ne zafi. LED ma yana zafi, a bayansa, kuma zafin ne ke rage masa kwana. Tocilar da aka ƙera domin LED tana da ƙarfen alminiyam a bayan ƙwan wanda ke janye zafin. Tsohuwar tocila ba ta da shi. Saboda haka wat ɗaya ya isa a jikin roba, a jikin ƙarfe ma kada a wuce uku. Tsohuwar tocila ba za ta haska ƙarshen unguwa ba, amma daga lumen 10 zuwa 100 canji ne da duk mai ido zai gani, kuma ya wadatar da tsakar gida da garke da hanyar masallaci.

Batun batir shi ya fi tsawo, shi ne kuma mai haɗari.

Batirin da muka saba da shi, irin Tiger Head da ake kawowa daga Guangzhou, da alkalin mai ɗan tsada, bolt 1.5 aka rubuta musu. Abokinsu mai caji shi ne wanda ake rubuta wa NiMH, bolt 1.2. Mutane kan ga wannan bambanci su ce ai mai cajin ba shi da ƙarfi. Abin ba haka yake ba. Batirin kanti ranar da aka ɓare shi ne kawai yake da 1.5, yana aiki yana sauka, a tsakiyar rayuwarsa yana wajen 1.2, ya ƙare a wajen bolt ɗaya. NiMH kuwa yana tsayawa kusa da 1.2 har sai ya zo ƙarshe sannan ya faɗi lokaci guda. Don haka kusan duk tocilar da ke cin batirin kanti za ta ci NiMH lafiya lau, babu fargabar ƙona ƙwai, kuma ba kasafai yake zubar da ruwa ya cinye sifirin ba. Aibinsa na da shi ne yana zubar da caji ko a ajiye yake, ka caje shi ka ajiye wata biyu ka tarar ya yi sanyi. Kamfanin Sanyo ya magance wannan a 2005 da batirin Eneloop, wanda yanzu yake hannun Panasonic, wasu kamfanoni ma suka bi. Irin waɗannan sukan riƙe mafi yawan cajinsu har shekara. Ga tocilar da ake ajiyewa don ɓacin rana, su ne suka dace.

To, ya za a yi da tocila mai cin manyan batura? Akwai NiMH babba na gaske mai ɗaukar mAh 8,000 zuwa 10,000, mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, sai dai yana da tsada, kuma wasu manyan da ake sayarwa ƙaramin batir ne aka sa a babban gwangwani, za ka ga an rubuta 2,500 kuma ba shi da nauyi. Hanya mai sauƙi ita ce kwanson roba mai girman babban batir wanda ake zura ƙaramin batirin AA a ciki. AA mai kyau yana ɗaukar mAh wajen 2,000. Guda biyu za su riƙe ƙwan wat ɗaya kamar awa huɗu, ƙwan rabin wat kamar awa takwas. Akwai kwanson da ke cin AA uku a lokaci guda, sai lissafin ya ninka uku. Caja kuma a nemi wadda ke lura da kowane batir shi kaɗai, ta tsaya da kanta idan ya cika. Cajar da ba ta san tsayawa ba dafa batir take yi, ka taɓa shi ka ji zafi rau, batirin da ya kamata a caje shi sau ɗaruruwa ya gaji tun bai je ko'ina ba.

Sai litiyam, wanda shi ne a wayoyinmu. Sony ne ya fara sayar da shi a 1991, kuma John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino sun samu kyautar Nobel a kansa a 2019. Wanda ake sa wa tocila shi ne 18650, faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65. Ba shi da nauyi, yana ɗaukar caji mai yawa, guda ɗaya mai mAh 3,000 zai riƙe ƙwan wat ɗaya wajen awa goma. Amma bolt ɗinsa 3.7 ne, in ya cika 4.2. Batir ɗaya na litiyam yana tsaye ne a madadin batirin kanti uku, shi ya sa tociloli da yawa na ƙasar Sin suke karɓar ko dai ƙananan batura uku a kwanso ko 18650 guda ɗaya. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne batirin 14500. Girmansa ɗaya da AA sak, yana shiga ramin AA ba gardama, amma litiyam ne. Ka sa biyu a tocilar bolt 3, ka ɗura mata bolt 8.4, ƙwan ya ƙone nan take. Duk batirin da za a saya a juya shi a karanta bolt ɗinsa, girma ba ya nuna komai.

Ban goyi bayan a jera litiyam biyu ko uku a tsohuwar tocila ba. Idan ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kamar a ɗaura bijimi da maraƙi a garma ɗaya ne, babban zai ja ƙaramin har ya halaka shi, kuma litiyam idan aka tatse shi fiye da kima sannan aka sake caji yana iya kumbura ko ya kama da wuta. Ko babban kamfani irin Samsung sai da ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda baturanta suna kamawa da wuta. In dai za a yi amfani da litiyam, a yi da guda ɗaya, a nemi mai ɗan fanel na kariya a gindinsa wanda ke yanke wuta idan caji ya yi yawa ko ya yi ƙasa. A kula da ledar da aka naɗe shi da ita. Duk gangar jikin 18650 gindin batir ce, ledar nan ce kawai ta raba ta da kansa da kuma jikin tocila. In ta yage a wajen kai, aka zura shi a bututun ƙarfe, ko aka jefa shi aljihu tare da makulli da kwabbai, wuta za ta haɗe, ya yi zafin da zai ƙona cinya. Ana sayar da sabuwar leda, mai gyara zai naɗe shi cikin minti kaɗan. Zafin gari ma abin lura ne. Masu ƙera litiyam sun ce kada a caje shi a zafin da ya wuce digiri 45. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu, inuwa ma tana haura 40, balle ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana ko gaban mota. A yi caji da safe ko da dare, a kan siminti, nesa da katifa.

Jabu kuwa ya yi yawa. 18650 na gaske daga kamfanoni irin Panasonic da Samsung da LG da Molicel iyakarsa wajen mAh 3,500. Duk wanda aka rubuta masa 6,800 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta, kuma abin da ke cikinsa sau da yawa bai kai ma rabin na gaske ba. Na gaske yana da nauyin giram 45 zuwa sama kaɗan, jabun kuwa sakayau yake a hannu. Araha ba ta ado. Masu gyaran waya da kwamfuta, irin na kasuwar Farm Centre a Kano, sun san cewa tsofaffin baturan kwamfutar cinya cike suke da 18650 na manyan kamfanoni, kuma sau da yawa ɗaya ko biyu ne suka mutu sauran da ransu. Waɗannan sun fi sabon jabu nesa ba kusa ba, in an auna su. Wanda mita ta nuna ya sauka ƙasa da bolt 2, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse, ko yake zafi wurin caji, a ajiye shi gefe.

Gyaran da nake ganin ya fi kowanne amfani ga jama'a shi ne na tocilar roba mai caji, wadda ke da ƙafa biyu da ake sokawa a soket. Ita ƙwanta LED ne tun asali, batirinta ne matsala. In ka buɗe da yawa daga cikinsu za ka tarar da ɗan baƙin akwati mai nauyi, batirin dalma ne na bolt 4, ɗan'uwan batirin mota. Wannan batir ba abin da ya tsana kamar a bar shi babu caji kwana da kwanaki, wato daidai abin da rashin wuta yake tilasta mana. Cajar da ke ciki kuma 'yan kayayyaki ne uku ko huɗu da ke rage wutar soket, ba ta san batir ya cika ba, in an kawo wuta aka bar ta kwana a jone sai ta busar da shi. Idan batirin ya mutu aka kunna tocilar tana jone, wutar sai ta afka wa ƙwayayen ta ƙone su. Haka ake zubar da tocila mai lafiyayyen jiki da makunni da gilashi saboda abu ɗaya. Mai gyara zai iya cire batirin dalmar, ya cire tsohuwar cajar gaba ɗaya har da ƙafafun soket, ya sa 18650 guda ɗaya da ɗan fanel na caji da ake kira TP4056, mai haɗe da kariya, ya huda wa bakin USB wuri a jiki. Daga nan tocilar za ta yi caji da cajar waya, ko fawa-banki, ko ƙaramin farantin sola, ta yi sauƙin ɗauka, ta kuma daɗe. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne kada a taɓa haɗa litiyam da tsohuwar cajar soket ɗin nan, gobara ce. Ina ganin wannan sana'a ce da matasa masu gyara za su iya ci da ita a kowace unguwa, domin kusan kowane gida akwai irin waɗannan tocilolin biyu ko uku a ƙarƙashin gado.

Wanda ya ga duk wannan ya yi masa yawa ya ce gara ya sayi sabuwa, ba laifi, amma ya yi hattara da lambobin da ke jikin kwali. Tun 2009 masu ƙera tocila a Amurka suka fito da ƙa'idar awo da ake kira FL1, wadda ta fayyace yadda za a auna lumen da nisan haske da tsawon lokacin aiki, kamfanonin kirki suna bin ta. Sauran kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Za ka ga tocila 'yar tafin hannu an rubuta lumen 100,000. Ko da LED mai inganci, irin wannan haske sai da wat wajen 700, kusan abin da dutsen guga yake ja, kuma da hakan zai yiwu da batir 18650 guda ɗaya ya ƙare cikin minti ɗaya. Abin da mutum yake buƙata bai kai haka ba ko kusa. Lumen 10 zuwa 20 ya isa ɗaki da karatu, 100 ya isa tafiya a duhu, mai gadi ko ɗan sintiri 300 zuwa 500 ya ishe shi. Ido ma sai an ninka haske wajen sau huɗu yake jin kamar an ninka biyu. Tocilar da ke da matakin ƙaramin haske ta fi mai ƙarfi ɗaya tal amfani, domin a ƙaramin mataki ne batir yake kwana da kwanaki.

Launin haske ma da magana. Farin nan mai shuɗi-shuɗi, wanda ake rubuta wa 6500K, shi ya cika kasuwa don ya fi ɗaukar ido a shago. A ganina mai ɗan ja-ja, wajen 4000K, ya fi daɗin aiki, bai cika kashe ido a ƙurar hunturu ba, kuma ya fi nuna bambancin ƙasa da busasshen ganye da abin da ke kwance a cikinsu. Akwai kuma ƙaramar tocila mai hasken UV, irin ta duba takardar kuɗi. Kunama tana ƙyalli da launin kore-kore a ƙarƙashin wannan haske, don haka gidan da ke fama da kunamu lokacin bazara zai amfana da ita, sai dai kada a haska ta a ido.

Batir mai caji ba na kowa ba ne, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Kuɗin farko yana da nauyi, batura da caja tare, ko da yake wanda ya lissafa abin da yake kashewa a batirin kanti cikin wata shida zai ga inda riba take. Kuma caji sai da wurin caji. Mutumin ƙauyen da ba shi da sola, sai ranar kasuwa yake ganin soket, ya canza ƙwai kawai ya ci gaba da batirin kanti, zai ga sun daɗe masa fiye da da. A nan ne ma tsohuwar tocila ta fi ta zamani: tana cin mai caji idan akwai wuta, ranar da wuta ta yi mako ba ta zo ba kuma a aiki yaro kanti ya sayo na yarwa. Tocilar da aka rufe batirinta a ciki ba ta da wannan mafita. Abin kiyayewa kawai kada a haɗa mai caji da na kanti, ko sabo da tsoho, a tocila ɗaya, kuma kada a taɓa sa batirin kanti a caja.

Saura mataccen batir. Dalma guba ce, mutanen Zamfara sun ga abin da ta yi a 2010 lokacin da ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400. Batirin dalmar da aka ciro daga tocila kada a bar shi a tsakar gida ko a jefa a bola, a kai wa masu sayen tsofaffin baturan mota. Litiyam kuma a manne kansa da gindinsa da salatif kafin a ajiye, kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona. Akwai wata tsohuwar al'ada ta 'yan makaranta da nake roƙon iyaye da malamai su sa wa ido: fasa tsohon batir a kwashi baƙin garin ciki a shafe allo. Yaron da ya saba da haka, in ya tsinci 18650 zai ɗauka shi ma irinsa ne ya sa masa dutse ko ƙusa, shi kuwa wannan in aka huda shi wuta yake yi. A nuna wa yara shi, a gaya musu ba a fasa shi.